Kano Zuwa Fatakwal: Kilomita 800 A Sama, Wuni Guda A Ƙasa

Tsakanin filin jirgin sama na Malam Aminu Kano da na Fatakwal, wanda ke garin Omagwa a Jihar Ribas, akwai tazarar kimanin kilomita 800 in an miƙe sak. Jirgi irin Boeing 737, mai gudun wajen kilomita 800 a awa guda, zai iya cin wannan zango cikin awa ɗaya da minti 20, har da tashi da sauka. Amma ɗan kasuwar da ya dogara da wannan lissafi wajen sa ranar ganawa da abokin ciniki, yana iya cin karo da asara.

Dalili kuwa shi ne, galibin masu wannan tafiya sukan ya da zango ne a Abuja ko Legas. Daga Kano zuwa Abuja kimanin kilomita 365 ne, daga Abuja zuwa Fatakwal kuma 445, jimla 810. Ke nan bi ta Abuja bai ƙara nisan a zo a gani ba. Ta Legas kuwa, tafiyar takan kai wajen kilomita 1,270, watau ƙarin fiye da rabi.

To amma ba nisan ne ke cinye lokaci ba, jira ne. Zangunan biyu na hanyar Abuja kowanne bai wuce awa guda ba, sai dai zaman jiran jirgi na biyu yakan fi su tsawo. In aka haɗa da sammakon zuwa awon kaya a Kano, da tafiyar wajen kilomita 30 daga Omagwa zuwa cikin gari, sai ya zamana an kashe wuni guda.

Yanayi ma da nasa rabon. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazon hunturu kan hana jirage sauka a Kano, yayin da ruwan sama kamar da bakin ƙwarya kan kawo tsaiko a Fatakwal da damina. Haka kuma gyaran filaye: an rufe na Fatakwal daga Agustan 2006 zuwa Disamban 2007, aka karkata jirage zuwa Owerri, a 2017 kuma aka rufe na Abuja har mako shida, fasinjoji suka koma Kaduna.

Duk da haka jirgi ya fi mota sauƙi ga mai gaggawa, domin hanyar ƙasa ta haura kilomita 1,000. Fataken shanu, albasa da hatsi da yawa kan tura kayansu a tirela, su kuma su bi jirgi domin su riga kayan isa, su daidaita farashi da dillalai.

Abin lura ga irin waɗannan fatake shi ne tikiti. Wanda ya yanki zangunan biyu a kamfanoni daban-daban, dole ya karɓi kayansa a Abuja ya sake awo, kuma in jirgin farko ya makara, kamfani na biyu ba shi da alhakin jiransa. Gara a yanki tikiti ɗaya, ko a bar ratar aƙalla awa uku tsakanin jiragen, a kuma tashi da jirgin safe. In cinikin mai nauyi ne, a isa tun ana gobe, domin kuɗin kwana ɗaya a masauki bai kai asarar tirelar albasa da ta kwana ba mai ita ba.