Mu Saurari Kukan Injin A-kori-kura

Mu mutanen Karfi mun san amfanin a-kori-kura. Ita ke kwaso mana masara da dawa da auduga daga gona. Ita ke kai kayanmu kasuwar Funtuwa da ta Malumfashi. In ciwo ya kama mutum da tsakar dare, sau da yawa ita ce ke kai shi asibiti.

Da yawa daga cikin motocin nan sun tsufa. Waɗansu Peugeot 404 ne ko 504, irin waɗanda aka yi ta haɗawa a Kaduna bayan da masana'antar ta fara aiki cikin 1975. Tsohuwar mota ba ta cika mutuwa farat ɗaya ba. Injinta yakan yi kuka tukuna. Wanda ya san kukan yakan yi gyara da kuɗi kaɗan. Wanda ya toshe kunne kuwa, wata rana kuɗin audugarsa duka za su tafi gareji.

Yadda za mu saurara

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kowace safiya mu ta da injin, mu tsaya mu ji muryarsa. In mun saba da muryarsa ta lafiya, ranar da ta sāke za mu gane nan da nan.

In mun ji baƙon kuka, mu tambayi kanmu abu uku. Yaushe yake zuwa, da sanyin injin ko bayan ya yi zafi? Daga ina yake fitowa, daga sama ko daga ƙasa? In an taka totur, yana ƙaruwa ko yana raguwa?

Ga wata dabara ta makanikai. A sami doguwar sukudireba ko busasshiyar sanda. A ɗora kanta a jikin injin, a kara ɗaya kan a kunne. A riƙa matsawa daga wuri zuwa wuri. Inda kukan ya fi ƙarfi, nan ciwon yake. Amma a tuɓe babbar riga da rawani tukuna, gama fanka ba ta san mai mota ba.

Kuka na ɗaya: ƙiii, kamar kukan tsuntsu

Yakan zo da safe, ko sa'ad da aka taka totur. Yawanci fambel ne ya saki, yana santsi. Mu kashe injin, mu danna tsakiyarsa da babban yatsa. In ya lotsa fiye da kaurin yatsa ɗaya, ya saki, sai a ɗaure shi. In ya tsattsage, a sa sabo. Kada mu raina shi. Shi ne ke juya famfon ruwa. Ran da ya tsinke, injin zai yi zafi, batir kuma ba zai sami wuta ba.

In an ɗaure fambel amma ana jin gurnani a gaban injin, mai yiwuwa boris ɗin famfon ruwa ne ya cinye. Mu duba ko ruwa na ɗiga a wurin.

Kuka na biyu: cak-cak-cak, kamar keken ɗinki

Wannan daga saman injin yake fitowa. Mu fara duba baƙin mai, gama in ya yi ƙasa ba ya isa sama sosai. In mai ya cika amma kukan na nan, to, tazarar bawul ce ta buɗe. Bakanike zai daidaita ta da ma'auni. Aiki ne ƙarami, ba sai an sauke injin ba.

Kuka na uku: ƙwal-ƙwal, kamar tsakuwa cikin gwangwani

Ana jinsa sa'ad da mota ta ɗauki kaya tana hawan tudu. Ma'anarsa fetur ba ya ƙonewa daidai. Ko dai fetur ɗin ba shi da kyau, ko wutar fulogi tana zuwa da wuri, ko injin ya yi zafi. Mu sassauta totur, mu koma ƙaramar giya. Mu tsaya mu duba ruwan lagireto, amma sai injin ya huce, don tafasasshen ruwa yana iya ƙona fuska. In kukan bai daina ba, bakanike ya gyara lokacin wuta. In aka bar shi ya daɗe, yana lalata fistin.

Kuka na huɗu: fut-fut-fut, tare da warin hayaƙi

Salansa ce ta huje, ko kuwa mahaɗinta da injin ya saki. Mu nemi inda baƙin hayaƙi ya yi tabo, nan ne hujin. Mota za ta yi tafiya, amma hayaƙin nan dafi ne. In ya shiga ɗakin direba yana sa ciwon kai da barci, har yana kisa. A kai wa mai walda ba da jinkiri ba.

Kuka na biyar: dum-dum-dum, kamar ana daka a turmi

Wannan shi ne babban. Daga can ƙasan injin yake fitowa, yana ƙaruwa in an taka totur. Sau da yawa jar fitilar mai takan kama. Cikin injin akwai wani babban ƙarfe mai juyawa, ana ce da shi karanshaf. Baƙin mai ne ke hana shi gogar 'yan'uwansa. In mai ya ƙare, ko ya yi datti ƙwarai, sai ƙarfe ya ci ƙarfe.

A nan magana ɗaya ce: a kashe injin nan take. Mun san abin da zuciya takan faɗa wa mutum. Ga buhunan masara a baya, ga Funtuwa ta kusa, sai ya ce bari in lallaɓa in ƙarasa. Kada mu yarda. 'Yar tafiyar nan ita ke sa injin ya buga. Gara a nemi wata mota ta ja ta, a biya ladan ja, da a sayar da amfanin shekara a sayi wani injin.

Rigakafi ya fi magani

Kowace safiya mu duba baƙin mai da ruwa kafin mu tashi. Mu canja baƙin mai wajen kowace tafiyar kilomita 5,000. Lokacin hunturu mu riƙa share matatar iska, don ƙurar da ta shiga injin tana cinsa kamar yashi. Kada mu yi wa mota lodin da ya fi ƙarfinta.

Ga kuma inda karatunmu zai yi rana. Mu ajiye ɗan littafi cikin mota. Mu rubuta ranar da aka canja mai, da lambar da agogon tafiya ya nuna. Mu rubuta irin kukan da muka ji, da ranar da ya fara. Ran da muka je gareji, sai mu karanta wa bakanike. Ba zai yi ta lalube ba, mu ma ba za mu biya kuɗin abin da bai lalace ba.

Tambayoyi

1. Waɗanne abubuwa uku za mu tambayi kanmu in mun ji baƙon kuka?
2. Me ya sa ba a buɗe lagireto da zafi?
3. Wane kuka ne in mun ji shi za mu kashe injin nan take?
4. Rubuta abu biyu da za ka sa cikin littafin motarka.