Amurka: Yadda gwanjon filayen haƙar mai a gefen wuraren shaƙatawa ya raba kan jama'ar Utah

A ranar 19 ga watan Disamban 2008, saura wata ɗaya Shugaba George W. Bush ya sauka daga mulki, Hukumar Kula da Filayen Gwamnatin Amurka, wadda aka fi sani da BLM, ta buɗe gwanjo a ofishinta na birnin Salt Lake City, babban birnin jihar Utah. Hajar da aka kasa ita ce izinin neman man fetur da iskar gas a fulotai sama da ɗari.

Irin wannan gwanjo ba baƙon abu ba ne a yammacin Amurka, kuma yawanci 'yan kasuwar mai ne kaɗai ke sanin an yi shi. Na wannan rana ya sha bamban, domin wasu daga cikin fulotan suna dab da Arches da Canyonlands, gandayen shaƙatawa biyu na ƙasa da suka yi suna a duniya saboda jajayen duwatsunsu da kwazazzabai masu zurfi. Jami'an hukumar da ke kula da gandayen sun koka cewa ba a tuntuɓe su ba kafin a fitar da jerin filayen. Ƙungiyoyin kare muhalli sun garzaya kotu, masu zanga-zanga kuma suka taru a ƙofar ofishin.

Ɗan gwanjo mai lamba 70

Cikin masu zanga-zangar akwai Tim DeChristopher, ɗalibi mai shekara 27 da ke karanta tattalin arziki a Jami'ar Utah. Maimakon ya tsaya a waje, sai ya shiga zauren, ya yi rajista a matsayin mai saye, aka miƙa masa allo mai lamba 70. Da farko ya riƙa taya fulotai don ya tsawwala wa kamfanoni farashi. Daga baya ya ci gaba da ɗaga allon har sai an sallama masa. Kafin jami'ai su farga su fitar da shi, ya lashe fuloti 14 masu faɗin eka sama da dubu 22, a kan kuɗi kusan dala miliyan 1.8 da ba shi da su.

A watan Janairun 2009 wani alƙalin kotun tarayya a Washington, Ricardo Urbina, ya dakatar da miƙa takardun wasu fulotan. A watan Fabrairu kuma sabon sakataren harkokin cikin gida na gwamnatin Barack Obama, Ken Salazar, ya janye fuloti 77, bisa hujjar cewa an yi gaggawa kuma ba a yi cikakken nazarin illarsu ga muhalli ba.

Janyewar ba ta wanke ɗalibin ba. A watan Maris na 2011 kotu ta same shi da laifin kawo cikas ga gwanjon da kuma yi wa gwamnati ƙarya. Alƙali Dee Benson, wanda tun farko ya hana shi kare kansa da hujjar cewa tsoron sauyin yanayi ne ya tilasta masa, ya yanke masa ɗaurin shekara biyu da tarar dala dubu goma. Ya fito a watan Afrilun 2013. Masu fafutuka na kallonsa a matsayin gwarzo, wasu kuma na cewa ya taka doka ya kuma jawo wa 'yan kasuwa asara.

Filin kowa da kowa

Tushen taƙaddamar shi ne mallakar ƙasa. A jihohin yammacin Amurka gwamnatin tarayya ce babbar mai fili. Kusan kashi biyu cikin uku na ƙasar Utah nata ne, a maƙwabciyarta Nevada kuwa ya kai kimanin kashi 80 cikin 100. Hukumar BLM ita kaɗai tana riƙe da eka miliyan 245, faɗin da ya ɗara Najeriya baki ɗaya.

Gandayen shaƙatawa irin su Arches doka ta killace su, ba a ba da su haya don haƙar mai. Filayen BLM da ke zagaye da su kuwa wata doka ta 1976 ta ce na amfanin kowa ne: makiyayi ya yi kiwo, mafarauci ya yi farauta, mai yawon buɗe ido ya kafa tanti, kamfani ya haƙi ma'adinai. Dokar ba ta faɗi wanda za a fifita ba idan buƙatun suka ci karo a wuri guda. Wannan ta bar wa hukumar, ita kuma hukumar tana bin alƙiblar wanda ke fadar White House.

Tsarin ba da hayar ya samo asali ne daga dokar 1920. Kamfani ko wani mutum ne ke nuna filin da yake so, hukuma ta duba, sannan ta sa shi a gwanjo. Shekaru da dama mafi ƙarancin tayi dala biyu ne kacal a kan kowace eka. Wanda ya ci yana riƙe da izinin har shekara goma, idan kuma ya samu mai, izinin yana nan muddin rijiyar na bayarwa. Gwamnati na karɓar kashi 12.5 cikin 100 na darajar abin da aka haƙo, ta ba jihar da filin yake kusan rabi.

Wannan ne ya sa rigimar ta fi zafi kafin gwanjo. Da zarar an sa hannu a takardar haya, kamfani ya samu haƙƙin da kotu ke karewa, kuma soke shi abu ne mai wahala da tsada. Salazar ya iya janye fuloti 77 ɗin ne domin ba a riga an miƙa takardunsu ba. Hukuncin da aka yanke a zama ɗaya na safiya yana iya ɗaure fili har tsawon rayuwar mutum.

Garin da duwatsu ke ciyarwa

Babu inda aka fi jin wannan muhawara kamar Moab, wani ƙaramin gari mai mutum kimanin dubu biyar a bakin Kogin Colorado, wanda ta cikinsa ake shiga Arches da Canyonlands. Mutanen Moab sun san daɗin arzikin ƙarƙashin ƙasa, sun kuma san ɗacinsa. A 1952 wani masanin duwatsu, Charlie Steen, ya gano ma'adinin yuraniyom a kusa da garin. Jama'a suka yi ta kwarara, kuɗi suka shigo. Da kasuwar ta faɗi, masana'antar tace ma'adinin ta rufe a 1984, ayyuka suka tafi, aka bar wa garin tulin dagwalo mai guba da ya kai tan miliyan 16 a gaɓar kogi. A 2009 gwamnatin tarayya ta fara kwashe shi a jirgin ƙasa da kuɗin masu biyan haraji.

Abin da ya farfaɗo da Moab shi ne baƙi. Arches na da duwatsu sama da dubu biyu da iska da ruwa suka sassaƙe tamkar bakan gizo, kuma mutum fiye da miliyan ɗaya ke ziyartarsa a shekara. Otel-otel, gidajen abinci, masu ba da hayar kekuna da kwale-kwale, da masu yi wa baƙi jagora duk a kansu suka dogara. Har duhun dare ya zama haja, domin wuraren biyu suna cikin waɗanda aka ayyana a duniya a matsayin inda ake ganin taurari tar ba tare da hasken lantarki ya dusashe su ba.

Masu adawa da gwanjon na cewa iyakar gandu a takarda take, ido bai san ta ba. Wanda ya tsaya a kan dutse a Canyonlands yana hango nisan kilomita masu yawa, kuma hasumiyar haƙa, da manyan motoci, da harshen wutar gas da ake ƙonawa cikin dare duk suna shiga abin da ya biya kuɗi ya zo gani. Tuni akwai rijiyoyi a gefen hanyar da ke kai wa Canyonlands. Suna kuma nuni da cewa kusan rabin filayen tarayya da aka riga aka ba da haya ba a haƙo komai a cikinsu ba, don haka ba ƙarancin fili ne ke damun kamfanoni ba.

A 2020 an ga ƙarfin wannan murya. An saka wasu fulotai biyu a jerin gwanjo da suka haɗa da Slickrock, fitacciyar hanyar masu tuƙa keke a kan duwatsu, a saman ruwan ƙarƙashin ƙasa da garin ke sha. Koken ya kai har gwamnan jihar na lokacin, Gary Herbert, ɗan jam'iyyar Republican mai goyon bayan masana'antar mai, ya nemi a cire su, aka kuma cire. A watan Agustan wannan shekarar, hukumar ta sake janye dubban eka a yankin bayan matsin lambar hukumomin garin da na gundumar.

Su ma ɗaya ɓangaren suna da hujja

Idan aka nausa arewa maso gabashin jihar, zuwa garin Vernal a kwarin Uinta, labarin ya sauya. Nan ne cibiyar haƙar mai da gas ta Utah, kuma albashin ma'aikacin rijiya ya ninka na mai share ɗakin otel. Shugabannin yankin sun ɗauki matakin Salazar a matsayin cin amana daga mutanen Washington da ba su san yadda talaka ke neman abinci ba. Gundumominsu da wasu kamfanoni sun kai ƙara, amma kotu ta yi watsi da ita saboda an shigar da ita bayan wa'adi ya wuce.

Hujjarsu mai sauƙin fahimta ce. Jiha ba ta iya karɓar harajin ƙasa a kan filin gwamnatin tarayya, don haka gundumar da mafi yawan ƙasarta ta tarayya ce tana buƙatar kason mai domin gina hanyoyi da sauran ayyukan jama'a. Aikin yawon buɗe ido, in ji su, na 'yan watanni ne, albashinsa kaɗan, ga shi ya sa kuɗin hayar gida a Moab ya fi ƙarfin ma'aikata. Suna ƙarawa da cewa cunkoson motocin baƙi ma ɓarna ce ga muhalli, har ta kai Arches ya fara kayyade lokacin shiga a 2022. Sai dai su ma suna da tasu matsalar, domin a lokacin sanyi gurɓatacciyar iska kan taru a kwarin Uinta har ta wuce ma'aunin da gwamnati ta amince da shi.

Rabuwar kan ta shiga har cikin 'yan asalin ƙasar. A jihar New Mexico, sakatariyar harkokin cikin gida Deb Haaland ta hana ba da sabuwar haya na shekara 20 a filayen tarayya da ke cikin mil goma daga Chaco, wani tsohon mazauni mai gine-ginen dutse na kimanin shekara dubu. Ta yi hakan ne a watan Yunin 2023. Al'ummomin Pueblo, waɗanda ita ma daga cikinsu ta fito, sun yi murna domin wurin kufan kakanninsu ne. Mahukuntan ƙabilar Navajo kuwa sun ƙi amincewa, suna cewa dubban iyalansu masu gonaki a yankin da kason mai suke ci, kuma kamfani ba zai zo gonarsu ba idan an rufe filayen da ke kewaye da ita.

Kowace gwamnati da nata salon

Bayan rikicin 2008, gwamnatin Obama ta fito da tsarin zama da kowane ɓangare a shata inda za a haƙa da inda za a bari tun kafin a kai ga gwanjo. Na yankin Moab ya ɗauki shekaru ana tattaunawa, aka kammala shi a watan Disamban 2016. A farkon 2018 gwamnatin Donald Trump ta daina yin sabbin irin wannan tsari, tana cewa jan ƙafa ne kawai.

Joe Biden ya dakatar da sabuwar haya a makon farko bayan hawansa a 2021, wani alƙali a Louisiana ya soke dakatarwar a watan Yuni. A 2022 majalisa ta ɗaga kason gwamnati zuwa kashi 16.67, ta mayar da mafi ƙarancin tayi dala goma. A 2024 aka ƙara kuɗin ajiyar da kamfani ke bayarwa don tabbatar da zai toshe rijiya idan ya gama, daga dala dubu goma da aka tsayar tun 1960 zuwa dala dubu 150. Trump ya dawo a 2025, kuma dokar da ya sa wa hannu ranar 4 ga watan Yuli ta mayar da kason gwamnati kashi 12.5, ta kuma wajabta yin gwanjo duk bayan wata uku a jihohin da suka haɗa da Utah.

Wannan kai-komo bai gamsar da kowa ba. Kamfani na tsoron zuba jari a filin da gwamnati mai zuwa za ta iya rufewa, mai otel a Moab kuma bai san abin da zai tarar a jerin gwanjo na gaba ba. Amma kasadar ɓangarorin biyu ba ɗaya ba ce. Filin da aka hana haƙa a bana ana iya buɗe shi baɗi, man yana nan a ƙasa yana jira. Wanda aka fasa wa hanya aka kafa rijiya kuwa, a hamadar da ɓawon ƙasarta ke ɗaukar gomman shekaru kafin ya farfaɗo, sauyin gwamnati ba ya mayar da shi yadda yake.

Shi ya sa ƙungiyoyin kare muhalli da hukumomin ƙananan garuruwa suka koyi bibiyar sanarwar BLM fuloti bayan fuloti. Doka ta ba jama'a 'yan makonni su rubuta ra'ayinsu ko ƙorafinsu kafin kowane gwanjo, kuma yanzu da aka wajabta yin sa sau huɗu a shekara, wannan ɗan taƙin ne damar da mazauna yankin ke da ita ta cewa a cire wani fili kafin a sallama shi.