Takarda Ɗaya, Hannu Da Yawa

Akwai wani tsari na haɗa kwamfutoci wanda babu uwa babu 'ya, kowace tana miƙa wa 'yar'uwarta takardu kai tsaye. Amfaninsa a fili yake: in ɗaya ta lalace aiki bai salwanta ba, gama yana wurin sauran. Amma akwai wahala guda. In mutum biyu suka gyara takarda ɗaya, kowa a gidansa, ta wa za a bi?

Git, wanda Linus Torvalds ya ƙago a shekarar 2005 domin masu aikin Linux, yana maganin wannan. Kowane gyara akan rubuta shi da sunan mai shi da rana, sa'an nan a ba shi shaida mai haruffa da lambobi 40, wadda aka lissafo daga abin da ke ciki. Ko harafi ɗaya aka taɓa, shaidar ta sake. Gyare-gyaren da ba su shafi juna ba, Git yakan haɗa su da kansa. In kuwa sun faɗa kan layi ɗaya, sai ya dakata, ya nuna duka biyu, mutane su zaɓa.

Saboda haka wajibi ne kowa ya karɓi gyaran abokansa tukuna, kana ya aika da nasa.