Kaurin Yatsu Ba Ya Hana Koyon Jita

A zangunanmu na Kumasi da Nima da Tamale ba a rasa gidan da za a tarar da jita rataye a bango, ƙura ta rufe ta, tsirkiya ɗaya ko biyu sun tsinke. In an tambayi mai ita, wanda sau da yawa magidanci ne da ya haura shekara talatin, direba ko makaniki ko mahauci, amsar ɗaya ce: ya gwada wata guda, ya ga yatsunsa sun yi kauri, duk inda ya danna tsirkiya ɗaya sai ya taɓa ta kusa da ita, sauti ya mutu. Daga nan sai ya yanke wa kansa hukunci cewa abin ba nasa ba ne. Kuɗi sun tafi, sha'awa ta tafi, ga kuma 'yan zaman majalisa suna cewa dama da girmansa me ya kai shi kayan maroƙa.

Mu dai a ganinmu, yawancin waɗannan mutane an sayar musu da jitar da ba ta dace da hannunsu ba ne, kuma ba su sami wanda zai nuna musu inda ake ɗora yatsa ba. Dukan biyun suna da magani.

Kayan kiɗanmu na gargajiya ba su san wannan matsala ba. Kuntigin marigayi Ɗan Maraya Jos tsirkiya ɗaya gare shi, garaya biyu, molo uku, yatsa yana da filin da zai sake. Jita kuwa tsirkiya shida aka jera a kan wuyan da faɗinsa bai kai tsawon ƙaramin yatsan babban mutum ba, saboda haka milimita ɗaya ma abin lissafi ce.

To, ga lissafin. Jitar da ba ta lantarki ba iri biyu ce a kasuwa. Akwai mai tsirkiyar ƙarfe, wadda faɗin wuyanta daga can sama, wurin ɗan ƙashin nan da tsirkiyoyi ke ratsawa, yakan kasance milimita 43, kamar Yamaha F310. Akwai kuma mai tsirkiyar nailan, wadda ake kira kilasika, faɗin nata milimita 52, kamar Yamaha C40. Mai karatu zai ce milimita tara ai ba komai ba ne. Amma a ta farko tazarar da ke tsakanin tsirkiya da 'yar'uwarta kimanin milimita 7 ce, a ta biyu kuwa ta haura 8. Wannan ɗan bambanci shi ne ke raba sauti mai daɗi da sautin da ya shaƙe. Ban da haka, jan da tsirkiyoyin ƙarfe shida ke yi ya kai wajen kilo 70, na nailan kuwa kusan 40 ne, don haka nailan ta fi sauƙin dannawa. Wanda bai danna da ƙarfi ba, naman yatsansa ba ya bajewa ya kai ga maƙwabciyar tsirkiya.

Saboda haka shawararmu ga babban mutum mai kaurin hannu ita ce ya fara da ta nailan. Kada kowa ya ce masa ta yara ce. Andrés Segovia, mutumin Sifen da ya ɗaukaka jitar kilasika a duniya kafin rasuwarsa a 1987, duk wanda ya ga hotonsa ya san yatsunsa kaurara ne. A nan gida ma, Koo Nimo na Kumasi da irin wannan jita ya yi suna a kiɗan da ake kira na bammi. Gaskiya ne wuya mai faɗi yana da nasa wahala ga wanda yatsunsa suka haɗa kauri da gajarta, domin isa ga tsirkiya ta shida sai da miƙa. Irin wannan mutum ya nemi ta tsakatsaki, mai milimita 45 zuwa 48. Gargaɗi ɗaya: kada a kuskura a ɗaura tsirkiyar ƙarfe a jikin jitar nailan don neman ƙara. Ba a gina ta don wannan nauyi ba, wuyan zai lanƙwashe, ko kuma katakon da ke riƙe da tsirkiyoyin ya ɓamɓare.

Yawancinmu a gwanjo muke saye, kuma nan ne ake cutar mai koyo. In za ka kasuwa, ari rular ɗanka ta makaranta ka sa a aljihu. Auna faɗin wuyan. Sa'an nan ƙirga ƙananan ƙarafan da aka gicciya a kan wuyan, waɗanda suka raba shi gida-gida, har zuwa na 12, ka auna tsayin tsirkiya mafi kauri daga saman ƙarfen. A jitar ƙarfe ya kamata ya zama wajen milimita biyu da rabi, a ta nailan wajen huɗu. In ka tarar da shida ko bakwai, to ko gwani sai ya yi gumi kafin ya fitar da sauti. Wani lokaci mai gyara zai iya goge jakin da tsirkiyoyi ke hawa ya rage tsayin, amma in wuyan ne ya karkace, bar musu kayansu.

Yanzu sai batun hannu, wanda ya fi na saye muhimmanci. A yanke farcen hannun hagu ƙwarai, domin farce ko kaɗan ne yakan tilasta wa yatsa ya kwanta. Babban yatsa ya zauna a bayan wuya, daidai da yatsan tsakiya, kada a rungume wuyan kamar ƙotar fartanya. Da haka sauran yatsun za su lanƙwasa su sauko a tsaye, tsininsu kawai ke taɓa tsirkiya. A danna dab da bayan ƙarfen da ke gaba, ba a tsakiyar gida ba, domin nan ne sauti ke fita da ƙaramin ƙarfi.

Akwai wata dabara da littattafan koyo ba su cika faɗa ba. Yatsa mai kauri dole ya taɓa wani abu, abin da ake so shi ne ya taɓa inda ba zai yi ɓarna ba. Mu ɗauki haɗin sauti na C, wato abin da makaɗa ke kira kod. Ana ƙirga tsirkiya daga siririya ta ƙasa, ita ce ta ɗaya. Yatsan zobe yana kan ta biyar a gida na uku, na tsakiya yana kan ta huɗu a gida na biyu, manuni yana kan ta biyu a gida na ɗaya, ta uku kuma a sake take. Inda ake faɗuwa shi ne na tsakiya ya shafi ta uku ya kashe ta. To, a ɗan tura shi sama ya jingina da ta biyar. Ba abin da zai faru, tun da yatsan zobe ya riga ya danne ta a gaba, sautinta daga can yake tashi. Shi ma yatsan zobe in ya shafi ta shida alheri ne, don mai koyo ba ya buƙatarta a C.

Kod ɗin A shi ne ke sa manya fushi, saboda yatsu uku ne ake cusawa a gida ɗaya, a kan ta huɗu da ta uku da ta biyu. Gida na biyun nan tsawonsa wajen milimita 34 ne kacal. Ba dole ne a jera su bi da bi ba. A sa manuni a tsakiya, a kan ta uku, ya ɗan ja baya, na tsakiya a kan ta huɗu, na zobe a kan ta biyu, sai su zauna kamar duwatsun murhu. Ko a bar manuni, a yi da sauran ukun, tun da ƙaramin yatsa siriri ne. A Em kuwa kaurin riba ne, domin akwai waɗanda ke danne ta biyar da ta huɗu da yatsa ɗaya.

Ana yawan kawo labarin Django Reinhardt, wanda gobara ta lalata masa yatsu biyu na hagu a 1928, ya ci gaba da kiɗa har ya gagara. Labarin gaskiya ne, sai dai shi tun yana yaro yake kiɗa, don haka kada a auna kai da shi. Abin da za a ɗauka kawai shi ne tsarin yatsun da ke cikin littafi ba doka ba ne. A hannun dama ma haka: salon da matuƙan jirgin ruwa na ƙabilar Kru suka yaɗa a gaɓar tekunmu, wanda ake ji a faifan Yaa Amponsah da Kumasi Trio suka ɗauka a Landan a 1928, babban yatsa da manuni kaɗai ke aiki a cikinsa.

Makonnin farko akwai zafi, ba mu ɓoye wa kowa ba. Amma cikin mako uku zuwa huɗu kan yatsu zai yi kanta, kuma yatsan da ya yi kanta ba ya bajewa kamar da. Abin takaici, daidai lokacin ne mutane ke rataye jitar. Mu da muke aikin koyarwa mun san minti goma sha biyar kullum ya fi awa biyu ranar Lahadi amfani. A kama kod ɗaya, a kaɗa tsirkiyoyin ɗaya bayan ɗaya, a gano wadda ta mutu, a gyara yatsan da ya kashe ta, a saki, a sake kamawa. Kafin a fara a daidaita sautin tsirkiyoyin, wayar hannu ma tana yin wannan aiki yanzu.

Ga 'yan'uwanmu na Tamale da Bolga da Wa, a kula da hunturu. Bushewar iska tana tsuke katako, bakin ƙarafan ya fito yana yankar hannu, wani lokaci fuskar jitar ta tsage. In an gama kiɗa a mai da ita cikin jakarta, nesa da taga da rana.