Kachala da Ruwan Kwance: Daga Tiga Zuwa Kududdufan Birni

Mutumin cikin Badala da ya buɗe famfo, ko ya auno shinkafar Kura a kasuwar Rimi, da wuya ya tuna cewa ruwan nan yana da masu jiransa a gaba. Kogin Kano da na Challawa suna haɗuwa kafin Wudil su zama kogin Haɗeja, wanda ke bi ta Ringim ya bazu cikin fadamun Haɗeja da Nguru, sauransa ya nufi Gashuwa da Tafkin Chadi.

A da, kogin yana da lokacinsa. Ya cika ya tumbatsa a watan Agusta da Satumba, ya shafe fadamu, tuddai su koma tsibirai. Rani na shigowa sai ya janye, ƙasa ta bushe har ta tsattsage. Da wannan zuwa da komawa mutane suka tsara rayuwarsu: shinkafa da damina, masunta su bi kifi, manomi ya shuka wake a danshin da ruwa ya bari, Bafulatani ya shigo da shanu.

Da aka kammala dam ɗin Tiga a 1974, sannan na Challawa a Ƙaraye a 1992, sai ambaliyar damina ta ragu, aka kuma riƙa sakin ruwa duk shekara saboda noman rani da ruwan shan Kano. Ba a ƙi amfanin wannan ba, gonakin Kadawa da Bunkure shaida ne. Amma wuraren da ke bushewa sun daina bushewa, kuma abin da ciyawar kachala ke nema ke nan: ruwa maras zurfi da ba ya ƙafewa, ga laka ta kwanta. Tsayinta ya fi na mutum. Saiwarta na tafiya a ƙarƙashin ƙasa tana fitar da sababbin tsirrai, iska kuma na ɗaukar irinta zuwa nesa. In ta kama wuri sai ta tare laka, hanyar ruwa ta toshe, ruwan ya karkata. Shi ya sa ake samun ƙauyukan mashigar Marma suna kukan ruwa ya ci gonakinsu, alhali wasu rassan kogin sun cushe, masu noma a bakinsu suna neman ruwan ido rufe. Masunci ba ya iya jefa birgi, kwalekwale ba ya wucewa. Tsuntsayen jan-baki sun samu wurin kwana, su fito da safe su far wa shinkafa da gero. Ga sauro, ga katantanwar da ke yaɗa tsargiya. Haka ta faru a kogin Sanagal bayan gina dam ɗin Diama a 1986.

To, mu dawo gida. Kududdufan da kakanninmu suka haƙa wajen ɗebo ƙasar gini su ne ke shanye ruwan saman birni. Yau ruwan kwata ke malala cikinsu rani da damina, don haka ba sa ƙafewa, kuma dattin taki ne ga ciyawa. Ana cewa kainuwa dashen Allah, amma wadda ta lulluɓe kududdufin unguwa mu muke ciyar da ita. Cike kududdufin da shara a yanka filaye ya fi muni, domin ruwan da ya rasa masauki cikin gidaje zai shiga.

Mu koma kan kachala: masu cinna mata wuta su sani ganye kawai suke ƙonawa, saiwar na nan, za ta sake tohowa. Abin da ke karya ta shi ne a yanke ta a ƙarƙashin ruwa yadda kututturen zai nutse ya rasa iska, a kuma maimaita, ko a bar wurin ya bushe sosai. Wadda aka yanke tana yin tabarma, a Sanagal da Muritaniya har gawayi ake yi da ita.

Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda hedkwatarta ke nan Kano, ita ke riƙe da ƙofofin dam ɗin Tiga da na Challawa. Ya kamata ta riƙa sakin ruwa da la'akari da mutanen Haɗeja da Nguru. Mu kuma masu unguwanni da matasa, a fito aikin gayya a yashe magudanai kafin ruwan farko ya sauka, a daina juye shara a kududdufi, a hana yara wanka a ciki.