Lambu a cikin galan: ganyen miya a ƙofar ɗaki

Yawancinmu a Nima da Maamobi ɗaki ɗaya muke haya, tsakar gidan kuma siminti ne. Duk da haka muna iya shuka ganyen miya, mu rage kuɗin cefane.

Da farko mu nemi izinin mai gida. Sannan mu sami tsohon galan na man girki, wanda ake kira galan Kufuor, ko bokiti. Mu yanke samansa, mu wanke shi, mu huda gindinsa don ruwa ya riƙa fita. Mu guji wanda aka taɓa zuba wa fetur ko maganin ƙwari. Mu haɗa ƙasa kashi 2 da ruɓaɓɓen taki kashi 1, mu ajiye inda rana ke samunsa kamar awa 6, kuma awaki ba sa kaiwa.

Alayyahu da ayoyo suna isa tsinka cikin mako 4 zuwa 6, kuɓewa kuwa wata 2. Lemun tsami yana son babban mazubi da haƙuri: dashen da aka yi wa aure yakan yi 'ya'ya cikin shekara 2 zuwa 3, na ƙwallo ya fi haka jimawa.

Mu yi ban ruwa da safe, ko da ruwan wankin shinkafa ne. Kada mu ɗebi ruwan kwata, yana kawo gudawa da kwalara. Kada kuma mu bar ruwa ya kwanta a ƙarƙashin galan, nan sauro ke hayayyafa.

In ƙaura ta kama mu, sai mu ɗauki lambunmu mu tafi da shi.