Komawa gudu a kan tuddai bayan haihuwa: Arba'in ba ta isa ba

Idan kina cikin matan da suka saba fita gudu ko hawan dutse da sassafe, ko a tuddan da suka kewaye Abuja ne ko a duwatsun Shere na Jos, wataƙila tun kafin a yi suna kika fara lissafin ranar komawa. A al'adarmu, da mai jego ta yi arba'in sai a ce ta warke: ta gama wanka, ta fita yawon arba'in, ta koma kasuwa ko ofis. To amma fita unguwa daban, gudu daban. Gudu a hanyar da ba kwalta, mai hawa da gangara, yana neman ƙarfin da jikin mai jego bai gama dawo da shi a kwana 40 ba.

A shekarar 2019, wasu ƙwararrun likitocin gashin ƙashi uku, Tom Goom da Gráinne Donnelly da Emma Brockwell, suka fitar da jagora kan komawa gudu bayan haihuwa. Shawararsu ita ce kada mace ta fara kafin mako 12, wato arba'in biyu da kwana huɗu. Ko a lokacin ma, sai in jiki ya nuna ya shirya.

Me ya sa sai an jira?

A ƙasan ƙugunki akwai wasu tsokoki da suka shimfiɗu kamar faifai, su ne ke tallafe da mafitsara da mahaifa da dubura. Wata tara suna ɗauke da nauyin ciki, sannan ranar haihuwa suka buɗe iyakar buɗewa. In an yi miki ƙari ko kin samu yagewa, aikin warkewarsu ya ƙaru. Duk takun da kika yi a guje, nauyin da ke sauka a jikinki ya fi ninki biyu na nauyinki, a gangara kuma ya zarce haka. Tsokar da ba ta warke ba ba za ta jure wannan duka sau dubbai ba. Abin da kan biyo baya shi ne kuɓucewar fitsari, ko mahaifa ta sauko ƙasa.

Wadda aka yi wa tiyata kada ta ce wannan bai shafe ta ba. Ita ma tsokokinta sun ɗauki nauyin ciki, kuma ɗinkin da ya bushe a waje bai nuna na ciki ya yi ƙwari ba, don shi yana ɗaukar watanni.

Abin da za ki yi kafin lokacin

Jira ba zama ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba masu jego da ba su da wata matsala shawarar su riƙa motsa jiki matsakaici na aƙalla minti 150 a mako. Ki fara da tafiya a tsakar gida, sannan a layinku, kina ƙara 'yan mintuna kowane mako.

Tun makonnin farko ki fara horar da waɗancan tsokoki. Ki matse kamar mai riƙe fitsari da iska a lokaci guda, ki riƙe na 'yan daƙiƙoƙi har ki iya kaiwa 10, ki saki gaba ɗaya. Ki maimaita sau 10, sau uku a rana, ba tare da ɗauke numfashi ba. Lokacin shayarwa ya dace da wannan, tunda dama a zaune kike. Bayan mako shida, in likita ko ungozoma ta duba ki ta amince, sai ki ƙara da tafiya da sauri, da tsugunnawa da tashi, da hawan matakala.

Jiki magayi

Da mako 12 ya cika, ki gwada kanki a gida kafin ki ɗaura takalmi. Za ki iya tafiyar minti 30 ba tare da ciwo ba? Za ki iya tsayawa da ƙafa ɗaya na daƙiƙa 10? Za ki iya sassarfa a wuri ɗaya na minti guda? Za ki iya tsalle da ƙafa ɗaya kamar mai wasan langa, sau 10 kowace ƙafa?

In a cikin gwajin fitsari ya kuɓuce miki, ko kika ji nauyi a gabanki kamar wani abu zai faɗo, ko ƙugu da baya suka yi ciwo, ko jini ya dawo bayan ya ɗauke, to ki dakata ki je asibiti. Mata da yawa na ɓoye ɗigar fitsari don kunya, ko don an ce musu haka haihuwa ta gada. Matsala ce mai magani, kuma ta fi saurin gyaruwa in an tare ta da wuri.

Akwai alamun da ba a kwana da su. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka yi nazari kan ciwon zuciyar da ke kama masu jego, kuma har yau Arewacin Najeriya na cikin wuraren da ya fi yawa a duniya. In kina haki a ɗan ƙaramin aiki, ko numfashi na yi miki wuya in kin kwanta, ko ƙafafunki sun kumbura, kada ki ɗauka rashin motsa jiki ne da gudu zai gyara. Ki ga likita a ranar. Ki kuma nemi a auna jininki, don ƙarancin jini kan sa jiri da saurin gajiya.

Ranar komawa

Ki fara a fili mai laushi: sassarfar minti ɗaya, tafiyar minti biyu, na kimanin minti 20, kina tsallake rana ɗaya a tsakani. Ki fara ƙara tsawon lokaci kafin ki ƙara sauri. In kin koma kan tudu, ki hau da ƙarfinki amma ki sauko da tafiya, don gangara ta fi hawa wahalar da ƙugu da gwiwa. Ki bar hanya mai tsakuwa da santsi sai ƙafarki ta sake sabawa, musamman in daren jiya jariri bai bar ki kin yi barci ba. Kada ki shiga daji ke kaɗai.

Motsa jiki matsakaici ba ya rage ruwan nono. Ki shayar ko ki tatsa kafin ki fita, ki sa rigar mama mai riƙe ƙirji sosai, ki tafi da ruwa, ki ci ki ƙoshi. Rage cin abinci don tumbi ya koma, ga shayarwa ga gudu, yana raunana ƙashi.

Kada labarin zakaru ya ruɗe ki

A watan Janairun 2019, Jasmin Paris, wata likitar dabbobi 'yar Birtaniya, ta lashe gasar Spine Race mai nisan kilomita 431 a cikin awa 83, ta riga maza da mata duka, tana tatsar nono a wuraren hutu. Amma a lokacin 'yarta na da wata 14. A 2018 kuma hoton Sophie Power ya zagaya duniya tana shayar da jaririnta ɗan wata uku a tsakiyar gasar UTMB da ke kewaya dutsen Mont Blanc a Turai. Dokar gasar a lokacin ba ta ba mai ciki damar ɗage gurbinta zuwa wata shekara ba, kuma daga baya aka gyara dokar. Dukansu biyu sun shafe shekaru suna horo kafin su haihu.

Kai kuma maigida, naka aikin shi ne ka riƙe jariri na awa ɗaya ba tare da ƙorafi ba, ka kai ta asibiti in ta ce wani abu na damunta, ka kuma daina yi mata maganar tumbi.

Ke dai ki tuna, sannu ba ta hana zuwa. Wata uku na haƙuri ya fi shekaru kina fama da matsalar da za ta hana ki ko dariya da ƙarfi a cikin mutane.